Ƙaunar da Take Janye Hannu

Karatu: Galatiyawa 6:1-5

Tun muna Makarantar Lahadi aka koya mana cewa mai bi mutum ne mai miƙa hannu. In ka ga mai jin yunwa ka ba shi abinci, in ka ga wanda kaya suka yi wa nauyi ka kama masa. Wannan koyarwa gaskiya ce, ba ni kuwa da niyyar rage mata ko ƙwaya ɗaya. Amma akwai wata tambaya da nake so mu zauna da ita tare a yau: ko akwai lokacin da ƙauna da kanta takan ce wa hannu ya koma baya? In kuwa akwai, ta yaya za mu rarrabe wannan da taurin zuciyar nan da ke sa mutum ya ga ɗan'uwansa a kwance ya ratse ta wancan gefen hanya? Wani yaro ɗan shekara biyar ne ya jefa mini wannan tambaya, da cokali a hannunsa da fate a gaban rigarsa, har yau kuma ban daina juya ta a zuciyata ba.

A shekarar ƙarshe ta karatuna aka tura ni sashen yara na wani asibiti, in yi wata uku ina koyon aiki a ƙarƙashin waɗanda suka riga ni. Fannin da na karanta ba kowa ya san shi a garuruwanmu ba, sau da yawa ma akan haɗa mu da masu gashin ƙashi. Ayyukanmu maƙwabtan juna ne, amma ba ɗaya ba ne. Su sun fi mai da hankali ga ƙarfin gaɓa da tsayuwa da tafiya. Mu kuwa abin da muke tambaya shi ne: me mutumin nan yake bukatar yi daga wayewar gari zuwa kwanciyar barci, me kuma ya tare masa hanya? Ga babba, yana iya zama riƙon fartanya ko taka keken ɗinki. Ga yaro, cin abinci ne, da sa riga, da zuwa bayan gida, da riƙe fensir, da wasa, gama wasa shi ne aikin yaro. A Amurka aka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a 1917, ta kuma yi ƙarfi wajen kula da sojojin da suka koma gida da raunuka daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙungiyarsu ta duniya kuwa a 1952 aka kafa ta. Tushen koyarwar guda ne tun farko: mutum yana samun lafiya da mutunci ta wurin abin da yake yi da kansa.

Yawancin yaran da ake kawo mana suna fama da larurar da takan biyo bayan rauni a ƙwaƙwalwa, kafin haihuwa, ko lokacinta, ko ba da daɗewa ba bayanta. Doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi a kan kari tana jawo ta. Haka ma shawara mai tsanani a makon farko idan ba a kai jariri asibiti ba, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da haihuwar bakwaini. Raunin da ke cikin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa, amma gaɓoɓin sukan sandare, ko kuwa su riƙa motsin da yaron bai umarce su ba. Ba shan inna ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Ba maita ba ce, ba sammu ba, yaron kuma ba ɗan ruwa ba ne kamar yadda wasu suke raɗawa a bayan idon uwarsa. Da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu garau yake, jikin ne kawai ba ya jin maganarsu.

Irin wannan ne yaron da nake ba ku labari. Kowace Talata uwarsa takan goyo shi daga ƙauye, ta shiga mota biyu kafin ta iso. Tun da aka yaye shi ita take ba shi abinci a baki, yana kwance a cinyarta, wani lokaci har da ɗure idan ya ƙi. Malamar da take duba aikina, dattijuwa ce da ta daɗe a sashen, ta rubuta a takardarsa cewa abin da za a nufa shi ne ya ci abinci da kansa da cokali. Ranar da aka fara, aka zaunar da shi, aka ajiye masa kwanon fate mai kauri, aka ce in zauna kusa da shi. Ya kama cokali da ƙyar. Ya ɗebo, hannun ya karkace, abincin ya zube a kirjinsa. Ya sake, ya zube a ƙasa. A karo na uku cokalin ya kai kusa da haɓarsa ya tsaya yana rawa, sai ya ɗago ido ya dube ni. Ban yi wani tunani ba, na kama hannunsa na kai masa baki. Ya haɗiye, uwarsa ta yi mini godiya, ni kuma na ji a raina cewa yau na yi aikin Kirista.

Malamar ba ta ce uffan ba sai da suka tafi. Sa'an nan ta kira ni ta ce, "'Yata, wa kika taimaka ɗazu?" Na ce, "Yaron mana, Malama." Ta ce, "Yaron nan yana da mai ba shi abinci a baki, shekara biyar ke nan. Ba wannan ya sa uwarsa take biyan kuɗin mota biyu ba. Ke ce kika kasa jure kallonsa, sai kika sauƙaƙa wa kanki. Talata mai zuwa ki zauna a kan hannuwanki."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. A daren nan na kwanta ina kare kaina. Na ce ashe ba Ubangiji ne ya koya mana cewa abin da muka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi muka yi wa ba? Da Yesu ne yake zaune a kujerar nan cokali yana rawa a hannunsa, da zan naɗe hannu ina kallo? Wannan hujja ba ƙarama ba ce, kada kuma ku yi saurin watsar da ita. Duniya cike take da mutanen da suka mai da "bari ya koya" mayafin rowarsu. Mai arziki yakan hana matalauci bashi ya ce don kada ya saba da roƙo. Ɗa yakan bar tsohuwarsa tana ɗebo ruwa ya ce motsa jiki yana da amfani. In janye hannu halin kirki ne, to, ai firist ɗin nan da Balawen da suka wuce mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko sun fi Basamariyen nan hikima. Mun kuwa san ba haka Ubangiji ya yanke ba.

Duk da haka maganar Malama ta ƙi barina, domin ta faɗi gaskiya a kan abu ɗaya: a lokacin da na kama hannun yaron, wahalar da nake neman kawarwa tawa ce. Kallon cokalin nan yana rawa ya fi ƙarfina. Na so abin ya wuce, na so in ga murmushin uwar, na so in tashi daga wurin da tsabtataccen lamiri. Yaron kuwa ya koma gida kamar yadda ya zo, sai dai ya ƙara koyon darasin da ya riga ya haddace, cewa in ya ɗago ido wani zai yi masa.

A cikin makon nan ne na koma ga sura ta shida ta wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, na ga abin da na sha karantawa ban lura ba. A aya ta biyu manzon ya umarce mu mu ɗauki nauyin juna, ya ce ta haka ake cika shari'ar Almasihu. A aya ta biyar kuma, bayan layi kaɗan, ya ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Mai karatu da gaggawa zai ce Bulus ya saɓa wa kansa. Amma a Helenanci kalmomi biyu dabam ya yi amfani da su. Ta farko tana nufin nauyin da ke danne mutum, ta biyu kuwa kayan da aka ɗora wa mutum ya ɗauka, kamar na matafiyi. Ku tuna da matar da ta haɗa itace a daji. In dammin ya fi ƙarfin ɗagawarta takan kira mai wucewa ta ce ya kama mata, shi kuma ya kama su ɗora a kanta. Daga nan ita za ta yi tafiyarta, itacen nata ne, tuwon da za a dafa da shi na gidanta ne. Wanda ya ƙi kama mata ya yi rashin tausayi. Wanda kuma ya tsaya kullum a hanya yana karɓe mata dammin, har ta manta yadda ake naɗa gammo, ya cuce ta da fara'a a fuskarsa, domin ranar da bai fito ba gidanta ba za a hura wuta ba.

Saboda haka wajibinmu biyu ne, hikimar kuma tana wajen gane wanne ne nauyin da ya danne ɗan'uwanka, wanne ne kayan da yake nasa. Raunin ƙwaƙwalwar yaron nan nauyi ne da bai kamata a bar shi da shi shi kaɗai ba. Amma tazarar nan da ke tsakanin haɓarsa da bakinsa tasa ce, ni kuwa na ƙwace masa ita.

Talatar da ta biyo na zauna a kan hannuwana kamar yadda aka ce, da yake kuma ba ni da abin yi sai kallo, sai na ga abin da ban gani ba a makon farko. Na ga yawan aikin da Malama ta yi kafin ta janye nata hannun. Kujerar da yaron yake zaune a kai ita ta sa aka yi ta daidai jikinsa, da kwalaye da aka liƙa bisa juna har suka yi ƙarfi kamar katako, domin kuɗin uwar ba za su kai na kujerar kanti ba. Ta tabbatar ƙugunsa ya shige ciki sosai, tafin ƙafafunsa kuma suna kan wani ɗan allo, gama hannu ba ya samun natsuwa sai gangar jiki ta zauna daram. Ta naɗe mariƙin cokalin da robar tsohon tayar keke har ya yi kauri, don yatsun da ba sa iya matsewa su samu abin kamawa. Ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwanon don kada ya zame. Ta zaɓi abinci mai kauri da zai manne a cokali, ba mai ruwa da zai tsiyaye ba. Ta kuma rarraba aikin gunduwa-gunduwa. Da farko ita take ɗebowa, ta raka hannunsa har kusa da leɓe, sa'an nan ta saki, don mataki na ƙarshe, wanda ladansa yake a baki, ya zama nasa. Da ya iya wannan sai ta riƙa saki tun daga haɓa, daga baya tun daga ƙirji. Riƙonta ma ya yi ta ja da baya, daga tafin hannu zuwa wuyan hannu, daga nan zuwa gwiwar hannu. Duk wannan lokaci ba ta taɓa yin nisa da shi fiye da kamu ɗaya ba, idonta kuma yana kan maƙogwaronsa, domin yaran nan sukan ƙware, abinci ya bi hanyar iska ya jawo ciwon huhu. Shi ya sa ma ta roƙi uwar ta daina ba shi abinci a kwance, ta kuma bar ɗure gaba ɗaya.

A nan na sami amsar tambayar da ta hana ni barci. Firist da Balawe sun janye hannu sun tafi, janyewar ba ta ci musu kome ba. Malama ta janye hannu ta zauna, janyewar kuma ta ci mata fiye da abin da bayarwa za ta ci. Ba wa yaron nan abinci a baki minti goma ne. Barinsa ya ci da kansa minti arba'in ne, da wankin riga, da gogar ƙasa, da haƙurin jin uwar wani yaro a bayanka tana cewa matar nan ba ta da imani. In kuna so ku gwada zuciyarku a duk lokacin da kuka ce za ku bar wani ya yi da kansa, ku tambayi kanku ko barin ya rage muku wahala ne ko ya ƙara. In ya rage, ku yi hankali, mai yiwuwa rowa ce ta sa rigar hikima.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan taimako tun dā. A Littafin Firistoci sura 19 Allah ya umarci Isra'ilawa kada su girbe gonakinsu har gefe, kada kuma su koma su yi kala, su bar wa matalauci da baƙo. Ku lura, bai ce su girbe duka su kai wa matalauci a ƙofar gida ba. Ya ce a bar masa abin da zai tsinta da hannunsa. Da Rut ta shiga gonar Bo'aza, mutumin yana da halin da zai aika mata da buhun sha'ir ya ce ta koma ta huta. Maimakon haka ya ce wa masu girbinsa su riƙa zaro zangarniya daga dammuna suna yar mata da gangan, kada kuma kowa ya tsawata mata. Ta yi kala har yamma, ta sussuke da kanta, ta ɗauka ta kai wa surukarta Na'omi. Alherin na Bo'aza ne, amma abin da Rut ta shiga gida da shi gumin goshinta ne, ta kuma shiga da kanta a ɗage. Robar da Malama ta naɗa a cokali da zangarniyar da aka yar wa Rut aiki ɗaya suke yi.

Haka Ubangijinmu ma ya yi. Da aka kawo masa Bartimawas a bakin Yariko, kowa yana ganin makaho ne, amma sai da Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa, ya bar shi ya faɗa da bakinsa. Mutumin da hannunsa ya shanye a majami'a, Yesu ya ce masa ya miƙa hannun, wato ainihin abin da ya daɗe ba ya iyawa. Wanda ya shekara 38 yana rashin lafiya, aka same shi kwance a bakin tafkin Betasda, an ce masa ya tashi ya naɗe tabarmarsa ya ɗauka da kansa. Ikon warkarwar duka na Yesu ne, babu wanda ya ƙara masa kome. Duk da haka bai bi da mutanen nan kamar itacen da ake sassaƙawa ba. Kowannensu ya bar masa abin da zai yi.

A nan sai mu yi hattara da wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Wannan magana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, bishara kuma ba haka take tafiya ba. Almasihu ya mutu dominmu tun muna marasa ƙarfi, tun ba mu iya ko ɗaga kai ba. Alherin Allah ne yake fara zuwa, shi yake gyara kujera, ya naɗe cokali, ya zauna kusa, sa'an nan ya ce mu miƙa hannu. A Yusha'u sura 11 Allah ya kwatanta kansa da mahaifin da ya koya wa Ifraimu tafiya. Duk wadda ta taɓa yi wa yaro tata ta san cewa akwai lokacin da dole ta saki yatsunsa, ta kuma san cewa a lokacin nan ne hankalinta ya fi kasancewa a kansa. Ba na cewa kowace wahala da kuke ciki darasi ce da Allah ya shirya, gama akwai muguntar da mugunta ce kawai, Allah kuma yana ƙinta. Abin da nake cewa shi ne, in kun ji kamar an sake ku, wannan ba shaida ba ce cewa an tafi an bar ku.

Sai dai kada in bar ku da rabin gaskiya, domin ni ma na faɗa a wannan rami. Da na fahimci darasin cokali sai na zama mai tsananin kishinsa, na fara auna kowane yaro da abin da ya iya yi wa kansa. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ake kawowa, wadda ko kanta ba ta iya riƙewa, ba ta magana, hannuwanta kuma a dunƙule suke. Bayan makonni na rubuta a takardarta cewa babu ci gaba. Malama ta karanta, ta tura mini takardar, ta ce, "'Yata, ci gaba zuwa ina? Wannan ba za ta riƙe cokali ba, mun sani. Amma wata biyu da suka wuce a ƙuryar ɗaki ake ba ta abinci ita kaɗai a kwance. Yanzu a zaune take ci, a tsakar gida, tare da ƙannenta, ba ta kuma ƙwarewa kamar dā. Ki riƙe mata kofin ruwa da na kunu ki ga." Na riƙe su a gabanta, na jira. Bayan wani ɗan lokaci idanunta suka koma kan kunun suka tsaya. Ashe ita ma tana da kayan da yake nata, wato zaɓi, ni kuwa ban taɓa ba ta lokacin da za ta yi shi ba.

Na tuna da Mefiboshet, jikan Saul. Yana ɗan shekara biyar mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Littafi Mai Tsarki bai ce ya warke ba. Abin da ya ce, a 2 Sama'ila sura 9, shi ne Dawuda ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa ya riƙa ci a teburin sarki kullum kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Darajar mutum ba ta rataye a kan abin da ya iya yi wa kansa ba. Da haka ne, da jariri da tsohon da ya kwanta ba su da daraja, dukanmu kuwa daga ɗayan muka fito, da yawanmu kuma ga ɗayan muka nufa. An halicce mu cikin siffar Allah tun kafin mu iya kome. Abin da ya sa muke barin yaro ya yi kokawa da cokali, da abin da ya sa muke ba wa yarinyar nan kunu a baki har iyakar ranta, abu ɗaya ne: mun ɗauke su mutane ne, muna so kowannensu ya sami wurin zamansa a inda ake cin abinci.

To, 'yan'uwa, mu dawo gida. A cikin ikilisiyarmu akwai nauyin da muka bar wa mutane su kaɗai, akwai kuma kayan da muka ƙwace musu, sau da yawa ma mun juya abin. Uwar da take goyon yaro ɗan shekara takwas zuwa sujada, bayanta ya gaji, aljihunta ya ƙare, wataƙila mijinta ya juya mata baya, wannan nauyi ne. Zumuntar mata tana iya ɗaukar kuɗin motarta zuwa asibiti. Matasa suna iya riƙe mata yaron ta saurari wa'azi sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Dukanmu muna iya kame bakinmu daga tambayar wane zunubi ta yi, tambayar da Yesu ya riga ya rufe a Yohanna sura 9 sa'ad da almajirai suka yi ta a kan wanda aka haifa makaho. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga nakasassu a Nijeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Ku dubi matakalar ƙofar majami'arku ran Lahadi mai zuwa, ku tambayi kanku ko mai keken guragu zai shiga ba tare da an ɗauke shi kamar buhu ba. Bai kamata sai hukuma ta tuna wa gidan Allah wannan ba.

A gefe guda kuma, ku duba kayan da muke karɓewa da sunan tausayi. Ɗan'uwa mai i'ina ya tashi zai yi addu'a, kafin ya kai ƙarshen jimla mun ƙarasa masa. Makaho yana da murya da haddar waƙoƙi, amma ba mu taɓa tunanin ba shi jagoran waƙa ba, sai dai mu sa sunansa a cikin masu karɓar taimako. Baba ya tsufa, mun hana shi ko sharar ƙofar gida, muna cewa ya huta, ba mu lura cewa mun karɓe masa dalilin tashi da safe ba. Gwauruwa tana iya suyar ƙosai, muna kai mata mudun masara kowane Kirsimeti, ba wanda ya taɓa tambayarta ko jari take so. Kafin ku taimaki mutum ku tambaye shi, kamar yadda Ubangiji ya tambayi Bartimawas. In ya ce zai gwada, ku gyara masa wuri, ku zauna kusa, ku haƙura da jinkirinsa.

A mako na goma yaron nan ya ɗebo fate da kansa, ya ɗaga, rabin ya zube a hanya, sauran rabin ya shiga baki. Babu wanda ya taɓa shi daga farko har ƙarshe. Na ga uwarsa ta zaburo da bakin zanenta za ta goge masa haɓa, sai ta tsaya, ta koma ta zauna, ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta. Ya ci cokali bakwai a ranar. Da za su tafi, tana ɗaure shi a baya, ta ce wa Malama a hankali, "Mama, ashe in na mutu ba zai mutu da yunwa ba." Sai a lokacin na gane abin da matar nan take ɗauke da shi a mota biyu kowace Talata, da abin da na kusa hana ta saboda na kasa jira minti ɗaya.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, kai da ka ɗauke mu tun ba mu iya tsayuwa ba, kake kuma koya mana tafiya da haƙuri, ka gafarta mana lokutan da muka wuce ɗan'uwa muka kira shi hikima, da lokutan da muka ƙwace masa nasa muka kira shi ƙauna. Ka ba mu idon da zai rarrabe nauyin da za mu ɗauka da kayan da za mu bari. Ka ƙarfafa iyayen yara masu nakasa, da masu aikin jinyarsu, da ɗaliban da suke koyon wannan aiki. Ka sa ikilisiyarka ta zama tebur inda kowa yake da wurin zama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, amin.